Tsanin da Ya Ƙi Faɗuwa

A layinsu ba wanda ke kiran matar da sunanta. Mai Labule ake ce mata, tun daga tsofaffin da ke zaman benci a ƙofar shagon mai aski har yaran da aka yaye jiya. Duk wanda ya zo nemanta karon farko, idan ta fito sai ya leƙa bayanta, yana jiran babbar ta fito. Gajera ce ta gasken gaske. Keken ɗinkinta ma sai da kafinta ya ɗaura katako a kan fedarsa kafin ƙafarta ta kai. Amma Allah da ikonsa, ita ce ta zaɓi sana'ar da rabin aikinta yana can kusa da silin, kuma ita ce ta auri mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Dogo ake ce masa, direban babbar mota. Ranar da aka fara ganinsu suna tafe tare, mai shayin bakin titi ya ce sun yi kama da kwalba da murfinta, maganar kuwa ta bi su har suka yi jikoki.

A hannun gwaggonta ta koyi ɗinki, kuma tun tana budurwa ta gane cewa riga tana da rigima: wannan ta ce an matse ta, waccan ta ce an mai da ita buhu. Taga kuwa ba ta ƙiba, ba ta ramewa, ba ta dawowa bayan sati ta ce ba haka ta ce a yi mata ba. Sai ta koma labule kacokan. Aikinta na farko a gidan mutane, kujera ta ɗora a kan tebur ta hau, ta ɗaura ƙarfen, ta sauko da sauri fiye da yadda ta yi niyya, da kujerar da labulen duk a kanta. Tana ɗingishi ta je wajen wani tsohon mai fenti ta karɓo tsaninsa na katako, wanda fentin gidaje iri-iri ya yi wa dabbare-dabbare. Shekaru ta yi tana saɓa shi a kafaɗa daga unguwa zuwa unguwa, mutane daga nesa su ga tsani yana tafiya, sai an matso a ga akwai mace a ƙarƙashinsa.

Da wani mataki nasa ya tsage, ta sayi na ƙarfe don aiki, amma ta kasa jefar da tsohon. Ta kwantar da shi a tsakar gida ta yi ta gurza da samfefa har asalin katakon ya fito, ta shafe shi da mai, ta jingina shi a bangon falo. Falon nan shi ne shagonta, shi ne ɗakin baƙi, shi ne wurin cin abinci. Ta rataya yadudduka a matakansa, kowanne yana zubowa yadda zai zubo a jikin taga, masu nauyi a ƙasa, shara-shara a sama inda haske ke ratsa su. Mata suka riƙa zuwa zaɓen labule suna tafiya da maganar tsani a baki.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Gidan ƙarami ne, 'ya'ya sun yi yawa, ita kuma takan ce ƙasa ta cika maƙil, bango kuwa yana tsaye ba aikin fari bare na baƙi. Banɗaki ya sami siririn tsani na tawul. Kicin ya sami nasa, da ƙugiyoyi na ludayi da mataci, da ƙananan kwanduna na albasa. A ɗakin kwana barguna ne a ninke, mataki bayan mataki, kala na bin kala. Ba tsanin da take jinginawa haka kawai. Sai ta ja da baya ta karkace kai, ta dawo ta matsar da ƙafarsa kaɗan, ta sake ja da baya, har sai abin ya zauna mata a ido.

Dogo kam bai taɓa ganin hikimar abin ba. Yana hanya mako da makonni, idan ya dawo sai ya tarar an ƙara wani.

“Ni dai a sanina tsani hawa ake yi,” yake cewa. “Naki ba sa kai mutum ko'ina. Gida ne wannan ko wurin gini?”

“Kai da Allah ya haɗa ka da naka tsanin tun daga ciki, ina za ka san darajarsa,” take ba shi amsa, allura a baki.

Mutum ne mai kirki da kyauta, amma zuciyarsa a kusa take. A tashar manyan motoci an san shi: ba ya neman faɗa, amma idan aka taɓo shi ba ya jin kira. An ce ya taɓa ɗaga bayan wata ƙaramar mota da hannu ya matsar da ita, don mai ita ya tare masa hanya ya tafi cin abinci. Matarsa ba ta taɓa lallashinsa idan ya hau. Takan ci gaba da ɗinkinta har ya sauko don kansa, shi kuma yakan ɗauka tsoro ne.

Wata safiya a tasha, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana raina wa wayo. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma ɗaya. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasan falo, don ta riƙa ganinsa tana aiki. Mutumin da duk rayuwarsa tsakar kan mutane yake gani, ya koma kallon ƙafafunsu.

Likitar gashin ƙashi ta riƙa zuwa gida. Ta matsa nan, ta lanƙwasa can, ta ce ƙafar da sauran rai a cikinta, idan ya dage zai iya miƙewa, amma ba wanda zai dage a madadinsa. Dogo ya juya fuska bango. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya yi jifa da ita ta taga. Bayan wani lokaci likitar ta ce a kira ta ranar da ya shirya. Dangi suka yi ta sintiri, kowa da sannu a baki, a gyara masa matashi, a ba shi ruwa a baki, a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Kunya ta cinye shi. A ransa ya gama da duniya, jira kawai yake.

A cikin masu zuwan akwai yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kai shi koyon mota, ya tsaya masa a aure. Dattijo ne mai tausayi, kuma tausayin ne ya sa ya yanke hukunci. Ya ce da Mai Labule:

“Ke kaɗai ce, ga ki ba jiki ba, ga yara duk sun watse sai auta. Wannan ƙaton idan ya zame miki a banɗaki, ku biyun za a kwasa. Ina da samari a gida, ina da ɗaki. Zan yi tafiya, idan na dawo zan zo in ɗauke shi.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Yaya.”

Dogo ya san ɗakin. Ɗakin baya ne, kusa da rumbun kaya. Nan ƙanin mahaifinsu ya kwanta da irin wannan ciwon, ana ba shi abinci a kan lokaci, ana juya shi, ana wanke shi, ba a rage shi da komai ba, har ranar da aka fito da shi. Wanda ya shiga ɗakin nan ba don ya tashi yake shiga ba. Ya so ya ce ba zai je ba, amma harshen ya ƙi, kuma girman kai ya raɗa masa cewa ita ma hutu za ta samu. Ba ka ji yadda ta yi saurin cewa to ba?

Kwanciyar nan ce ta nuna masa abin da shekarun aure ba su nuna masa ba. Da can ya ɗauka gida kansa yake tafiyar da kansa, kamar mota a gangara. Yanzu yana gani. Tun da sassafe ta ɗora ruwa, ta zo ta cusa kafaɗarta a hammatarsa, ta ja shi zuwa kujerar wanka da wata dabara da ba wanda ya koya mata. Ta sauya shimfiɗa. Ta dafa masa nasa daban, ba gishiri, ya tofar, ta share, ta sake miƙo cokali. Sannan ta saɓi tsanin ƙarfe ta fita awon taga, ta dawo gumi sharkaf, ta shimfiɗa yadin da ya ninka tsawonta sau da yawa a ƙasa, ta bi shi da rarrafe da almakashi. Keken ya yi ta ƙara har la'asar. Bai taɓa jin ta ce wash ba. Yakan zuba mata ido har sai ta ɗago, sannan ya yi sauri ya mai da fuska bango, don kar ta ga abin da ke cikin idon.

Ranar da autarsu ta kai shi asibiti ganin likita, sun daɗe a layi. Da suka dawo ya tarar an sauya wa falon zama. Tsohon tsanin nan na mai fenti ya bar wurinsa, ya dawo daidai kan katifarsa ta ɓangaren hagu. An sauke yaduddukan. A can ƙoli tukunyar fure ce, ganyenta na zubowa. Ƙasa da ita bargo mai ruwan toka a ninke, ya rufe bayan matakan. A matakin ƙasa kuwa, inda hannunsa zai kai yana kwance, an rataya ƙaramin kwando da tabaransa da carbinsa, ga hularsa a ƙugiya, ga rediyonsa a rataye da igiyarsa. Abin ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani zai faɗa. Dogo ya yi tsaki don kar a ce ya ji daɗi, amma ranar ce ya fara kunna rediyo da kansa ba tare da ya jira wani ba.

Bai daɗe yana morewa ba. Wata safiya ya miƙa hannu, ya shafo katako. Rediyon ya koma mataki na sama. Ya yi gurnani, ya nuna da haɓa.

“Ƙura ce ke shigar masa a ƙasa,” ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. “Hannun hagun ai lafiyarsa ƙalau.”

Ya jira ta gaji, ta yi biris da shi. Lokacin labarai ya zo yana wucewa. Dole ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗago kafaɗa, ya fizgo abinsa yana huci. Bayan kwana biyu tabarau ya bi rediyo. Da ya saba da nan, sai duk suka ƙara gaba. Kafin a jima sai ya tashi zaune sosai yake kai wa gare su, shi da a da sai an tayar da shi. Amma bai lura da wannan ba. Abin da ya lura da shi kawai, matar da yake yi wa kallon mamaki ta koma muguwa.

Ba shi kaɗai ya ga haka ba. Auta ta saukar da rediyon a ɓoye, uwar ta mayar. Yarinyar ta fashe da kuka.

“Umma, ki ji tsoron Allah. Baba ne fa. Kwalliyar falo ta fi shi ne?”

“Idan kin gama kukan, akwai wanke-wanke,” in ji uwar.

Maƙwabta suka ɗauka. Aka ce Mai Labule ta gaji da jinya, ta mai da mijinta abin wasa, tana rataye masa kaya kamar mai horar da kyanwa. Maganar ta yi ƙafa har ta iske Yaya a inda yake. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ƙara matsar da rediyon zuwa inda ko yana zaune ya miƙe hannu iya miƙewa, yatsunsa ba sa taɓa igiyar. Nan Dogo ya ce ya gaji. Ya kwanta ya juya baya, ya bar mata rediyon da labaran duniya baki ɗaya. Kwanaki suka shuɗe a haka, falon ba abin da ake ji sai ƙarar keke.

Ran nan da rana tsaka, zafi kamar a gasa mutum, wata mata ta zo karɓar labulenta. Ta tsaya a kan Dogo tana yaba tsanin.

“Kai, wannan kusurwa ta yi kyau. Ga fure, ga bargo, har da hula. Shi ma bawan Allah kin gyara shi tsaf, ba wari ba komai. Yana gane mutane kuwa?”

“Wani lokaci,” in ji Mai Labule.

Wani lokaci. Dogo ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Da matar ta fita, Mai Labule ta leƙa kicin ta ce da auta Yaya ya kusa dawowa, ta fara haɗa wa babanta kaya a jaka. Sannan ta jawo 'yar kujerarta ta taka, ta cire hularsa daga inda take, ta maƙala ta can sama kusa da furen.

“Wannan a bar ta nan, ta yi wa wurin kyau,” ta ce. “A ɗakin baya wa zai gan shi, bare ya nemi hula.”

Ta koma kan keke ta ci gaba da ɗinki, har da ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa.

Abin da ya taso wa Dogo ya daɗe bai ji irinsa ba. Tun daga cikinsa ya taso, ya cika ƙirji, ya toshe kunne. Shi za a yi wa haka, a gidansa, da ransa? Ya dubi tsanin nan, da furensa da bargonsa da iyayinsa, ya ƙudura cewa yau sai ya kifar da shi. Tukunyar ta fashe, rediyon ya tarwatse, in ya so katakon ya faɗo masa a ka, kowa ya huta. Ya san abin jingine kawai yake, yaro ma zai iya ture shi. Ya tashi zaune, ya damƙi matakin da hannunsa ya kai, ya fizga da duk ƙarfin da ya rage masa.

Tsanin bai motsa ba. Ko ganyen furen bai kaɗa ba.

Ya ƙara harzuƙa. Ya kama na sama da shi, ya cije, ya tokare ƙafar hagu a ƙasa, ya ja kamar mai jan birkin hannu a gangara. Wani abu ya taso, amma ba tsanin ba ne. Shi ne. Kafin ya ankara ya rabu da katifa, yana durƙushe a kan gwiwa, ƙafar daman da ya ɗauka ta mutu tana karkarwa a ƙarƙashinsa, tana ɗauke da rabonta na nauyi. Rediyon yana lilo daidai hancinsa.

Bargon ya zame, sai ya ga abin da ke bayansa. Ƙarafa ne masu kauri, an lanƙwasa su sun rungume ƙafafun tsanin, an ɗaure su cikin bango da notuna kamar babban yatsansa, sama da tsakiya da ƙasa. Ya dubi matakin da ke hannunsa. Ba tsohon katakon mai fenti ba ne, sabo ne, jibgege, an goge shi an shafa masa mai har ya saje da sauran. Matakan ƙasa an matso da su kusa da juna, daidai yadda mai hannu ɗaya zai saki wannan ya cafke wancan. Inda tafinsa ke sauka an naɗe shi da ragowar yadin labule mai kaushi, don kar gumi ya sa ya zame. Shi duk zamansa ya ɗauka ado ne.

Ƙarar keken ta tsaya, bai san tun yaushe ba. Tana zaune ta ba shi baya, hannuwanta biyu a kan yadin, ba sa motsi.

“Mai walda ya ce ko tirela aka ɗaura masa ba zai gusa ba,” ta ce. “Na ce masa ai tirelar za a ɗaura.”

Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, “Ka ba ni wahala, Maigida. Da can kafin a ce me ka hau. Yanzu da nake neman fushin, sai da na yi ta tono.”

Tsoro ne ya kama Dogo, irin tsoron da ke kama mutum idan ya gane girman abin da ya daɗe yana zaune kusa da shi. Duk shekarun nan da yake hawa tana shiru, ashe ba tsoronsa take ji ba, karantarsa take yi. Ta san lallashi kwantar da shi yake, ta san tausayi kashe shi zai yi, ta san abu ɗaya ne tak a duniya ke ɗaga shi. Ta yarda 'yarta ta kira ta marar imani, unguwa ta ci namanta, shi kansa ya tsane ta, ta haɗiye duka, ta yi ta matsar da rediyo. Ya dubi ɗan bayan nan nata da ko rabin jikin kujera bai cika ba, ya ji bai taɓa ganin mutum mai girmanta ba.

Washegari aka kira likitar gashin ƙashi ta dawo. Ta duba ƙarafan, ta jijjiga, ta dubi Mai Labule ta yi dariya, ta nuna masa yadda zai riƙa sa ƙafa. Daga ranar ba a sake matsar masa da komai ba, shi yake bin matakan don kansa, safe da yamma, yana zufa yana ƙwafa. Durƙuso ya zauna masa. Amma daga durƙuso zuwa tsayuwa akwai tafiya. Duk lokacin da ya yunƙura, gwiwar dama sai ta lanƙwashe, ya dawo katifa tim. Ana cikin haka Yaya ya katse tafiyarsa saboda maganganun da suka iske shi, ya iso da hantsi ba sanarwa, da mota da samarinsa biyu.

Mai Labule ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Bai sha ba. Ya dubi hular da ke maƙale a sama, ya dubi ƙaninsa a ƙasa, fuskarsa ta ɓaci.

“Ashe gaskiya ne,” ya ce. “Ban zaci haka daga gare ki ba. Ba zan yi miki faɗa ba, jinya ba wasa ba ce, kin yi iya yinki. Ku ɗauko shi.”

Dogo ya jira ta yi bayani, ta janye bargon ta nuna ƙarafan, ta wanke kanta. Ba ta yi ba. Kanta a ƙasa ta ce:

“Yaya, ɗan'uwanku ne, kun fi ni iko da shi. Amma ga shi nan, ba a tambaye shi ba.”

“Me zai ce? Yana iya magana ne?”

Samarin suka matso, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, suna cewa sannu Baba. Hannun na farko yana taɓa kafaɗarsa Dogo ya yi wata ƙara da ta sa yaron ya ja da baya. Ya kama tsanin. Ya durƙusa, wannan ya saba. Ya saki, ya cafke na sama. Auta ta fito daga kicin ta toshe baki da hannu. Yaya ya yunƙura zai tare shi, Mai Labule ta ce, “Don Allah, Yaya,” da wata murya da ta tsayar da dattijon a inda yake.

Ya kafa ƙafar hagu. Ya jawo ta dama, tana jan ƙasa, ya ajiye ta inda likita ta nuna. Jijiyoyin wuyansa suka fito ruɗu-ruɗu. Gwiwar ta fara lanƙwashewa yadda ta saba, ya ji katifa na kiransa, ya tuna ɗakin baya da ƙaramar tagarsa, ya cije ya ƙara cafko mataki. A hankali mutumin ya yi ta warwarewa, yana tafiya sama, ya wuce kafaɗar samarin, ya wuce kan Yaya, har ganyen furen ya shafi kunnensa. Kowa a ɗakin ya manta tsawonsa, sai da suka ɗaga kai.

Ya dubi yayansa daga can. Ya tattaro harshen da ƙyar.

“Ina... nan.”

Idon Yaya ya sauka a kan ƙarafan da ke cikin bango, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi matar ƙaninsa. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

“Ki yafe mini,” ya ce. Ya juya ga samarin da auta. “Ku zo mu je waje, ku ba su wuri.”

Suka rage su biyu. Ta taso ta zo gabansa, tana cewa ya isa haka, ya zauna kar ya faɗi. Garin durƙuso da tashi ɗankwalinta ya zame baya. Dogo ya sunkuyar da ido ya ga tsakar kanta, wurin da ya fi kowa sani a duniya, wanda rabonsa da gani tun safiyar da ya fita tasha. Ya bar gashin baƙi wuluk. Yanzu fari ne fat, ba ko sili ɗaya baƙi. Kafaɗunta suka fara rawa, ta kife fuska a cikinsa, kukan da ta hana kanta tun ranar asibiti ya ƙwace mata gaba ɗaya.

Hannu ɗaya gare shi, kuma yana kan tsani. Ya dubi hannun, ya dubi kan. Sai ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki katakon, ya ɗora tafin a kan furfurar. Ƙafafun suka yi rawa, suka ƙara yin rawa, suka tsaya.

“Nauyi gare ka,” ta ce cikin kuka, “za ka danne ni.”

Amma ba ta matsa ba, shi ma bai ɗauke hannun ba.